Injin Korar Buwa a Fadamar Fagada

Daga Jega har inda kwalta ta ƙare, ba a taɓa yin mutumin da ya tsaya a bakin gona ya aika wa tsuntsaye saƙo ta waya ba sai ni. Ban ce Kebbi kaɗai ba, ku haɗa da Sakkwato da Zamfara, in kun ga dama ku leƙa Nijar. Akwai masu cewa saƙon bai isa ba. To, su ma suna da baki, amma ku bari in faro daga tushe.

Sana'ata hayar lasifika. Biki, suna, walimar sauka, taron 'yan kasuwa, duk inda ake so a ji mutum daga nesa ni ake nema. Ina da tsofaffin ƙahoni biyu na lasifika waɗanda in na kunna su a Jega, mutanen Aliero kan fito ƙofar gida su duba ko lafiya. Ina kuma da laftof ɗaya da ta girmi wasu amaren da na yi wa aiki. A cikinta akwai wata manhajar haɗa sauti da abokina na Aliero ya zuba mini. Mai gyaran kwamfuta ne, tare muka yi firamare, shagonsa kuwa a tsakiyar rumfunan albasa yake, shi ya sa duk kwamfutar da ta kwana wurinsa, in fankarta ta juya sai idonka ya kawo ruwa.

Manhajar ba ta da ado ko kaɗan. In ka buɗe ta farin fili za ka gani fetal. Kai ne za ka jera 'yan akwatuna, ka rubuta wa kowane aikinsa a cikinsa: wannan ya ɗauko sauti, wannan ya ƙara masa ƙarfi, wancan ya tura shi lasifika. Sai ka ja ɗan siririn zare daga gindin wannan zuwa kan wancan. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya riga ya iya rabin aikin, don sauti bin zaren yake yadda ruwa ke bin hanya daga fangali zuwa fangali, inda ka buɗe ya shiga, inda ka toshe ya tsaya. Da ita nake sa wa sanƙira amsa-kuwwa a wurin biki har ya riƙa jin kansa kamar mutum uku.

Yayata, wadda ta goye ni, a Fagada take zaune. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza sun watsu neman na kansu, abin da ya rage mata gona ce guda ta shinkafa a fadama, noman rani. Daga wannan gonar take cin tuwon shekara, daga ita take yin zumunci. Kowace shekara kuwa, da zarar shinkafa ta yi nono, jan-baki sai su sauko, waɗanda mu nan muke kira buwa. Wanda bai taɓa ganinsu ba ba zai gane ba. Tsuntsu ne da bai kai babban yatsana ba, amma in suka taso kamar hayaƙin gobara suke, in suka zauna a gona suka tashi sai ƙaiƙayi. Maganinsu mutum: ya tsaya tun safe yana ihu, yana kaɗa gwangwani, yana jifa da laka.

A wannan shekarar masu tsaro sun yi wuya, manyan gonaki sun kwashe su, ita kuma gwiwa ta sa ta gaba. Na je gaishe ta na tarar tana shirin aikawa can wajen Kuberi a nemo mata wasu mutum biyu da aka ce sun saura. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya, kak ki aika. Ni ka tsaron gonar ga bana."

"Kai, Auta? Kai da ba ka iya zama wuri guda hash shayi shi huce?"

"Ba zama za ni yi ba. Inji za ni kahwa. In tsaya nan in latsa waya, can ƙarshen gona a ji tsawa."

Ta daɗe tana kallona. Na haura hamsin, da furfura a gemu, amma kallon nan bai canza ba tun ina tsere mata lokacin wanka.

"Shinkahwata ta, Auta. Ba bikin mutane ba na."

Na rantse, na sake rantsewa. Ba ta aika Kuberi ba. Washegari aka ce wani ya ɗauke mutanen nan biyu.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In ina Jega hankalina na Aliero, in na isa Aliero sai in tuna abin da na bari a Jega. Babur ɗina ya san hanyar nan har in na yi gyangyaɗi shi yake kai ni. Matata ta ce ko tuwo a tsaye nake ci, ƙafa ɗaya a waje. Sautin kansa bai ba ni wahala ba. Na tara gwangwanaye a bayan gida na naɗi ƙararsu, na haɗa da ƙarar bulala, da kukan shaho da na samo, na cakuɗa su wuri guda har ya zama wani abu da ni kaina in na ji sai gabana ya faɗi. Abin da ban iya ba shi ne yadda waya za ta yi wa laftof magana ba tare da igiya ba.

Abokina ya ture wata kwamfuta da ya farke cikinta, ya ajiye tawa, ya kafa sabon akwati a saman duk sauran.

"Wanga akwati kunne na," ya ce. "Aikinai guda, shi zauna bakin ƙohwa shi jira saƙo. In saƙo ya zaka, shi miƙa ma na ƙasa. Ba shi tambayar wa ya aiko."

Ya yi mini bayani kamar mai koya wa baƙo gari. Za mu sa ɗan akwatin wai-fai a tsakani, shi ne unguwar. Kowace na'ura da ta shiga unguwar sai a ba ta lambar gida. Laftof tana da tata lambar, a gidan kuma akwai ƙofofi ba iyaka, sai mu zaɓi guda mu ce wa kunnen nan ya zauna. A waya kuma ya sa mini wata 'yar manhaja mai maɓalli biyu, muka rubuta mata lambar gidan laftof da lambar ƙofa. Da ya ce in zaɓi lambar ƙofa sai na ba shi shekarar haihuwata, ko in ce shekarar da ni da hedimasta muka shirya a kai.

"Aike kuma iri biyu na," ya ce. "Akwai wanda ka sallama, a amsa mai, shi miƙa saƙo hannu da hannu, in ba kowa gida shi dawo shi hwaɗa ma. Akwai wanda ka jehwa saƙo ta bisa katanga shi ruga, ba ruwanai da an tsinta ko ba a tsinta ba. Na biyun ya hi sauri."

"Sa man na biyu."

"Na riga na sa. Na san ka."

A ƙarƙashin kunnen muka ɗaura akwatin rabo: in kalmar da ta shigo gabas ce, sauti ya bi zaren ƙahon gabas, in yamma ce ya bi na yamma. A gefe kuma ya rataya wani ɗan akwati mai tsegumi, wanda duk abin da ya shigo sai ya rubuta shi a fili kowa ya gani. Ya ce in ƙara maɓallin da zan danna da hannu a jikin laftof, ko da wani abu. Na ce mai waya me zai yi da hannu? Ai raina fasaha ne.

Na haɗa ƙaho guda a ƙofar shago, na tsallaka titi na shige tsakanin buhunan albasa, na latsa. Jama'a! Jakin da ke ɗaure a wurin har yau ba a gan shi ba. Wani dillali ya saki ciniki a tsakiya ya faɗa bayan buhu. Na dawo da gudu na leƙa allo, ga kalmar nan akwatin tsegumi ya rubuta, gabas, ita kaɗai a farin fili. Ranar da aka haifa mini ɗan fari ce kawai na yi murnar da ta kai wannan, kuma ko ita sai an auna.

Saura wuta. A fadama ba wutar lantarki, mai babban batir da faifan sola kuwa a danginmu mutum ɗaya ne, taubashina na Karaye ta Maiyama. Ɗan kawuna ne, rabi manomi rabi makiyayi, kuma da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, tun muna yara bawansa yake kirana. Na tarar da shi yana ba shanu dusa.

"Bawana! Wace ƙarya kat taho da ita yau?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har sanda ta faɗi daga kafaɗarsa. Ya ce in naɗi kiran da yake wa shanu in sa a ciki, na ce so yake garken Maiyama duka ya amsa ya shiga shinkafar Yaya. Ya ba da batir, amma da sharaɗi: duk inda batirinsa ya kwana shi ma nan zai kwana, don yana so ya ga ƙarshen abin da idonsa.

Muka kafa rumfa a tsakiyar gona, muka ɗora laftof da amfilifaya da akwatin wai-fai a kan benci, muka ja igiya zuwa ƙaho ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Ni kuma ina zagaya gefen gona da waya a hannu. Kullum da sassafe ni kaɗai nake zuwa in kunna kaya, taubashina na sharar barci wayarsa a kashe, da magariba in kashe in kai laftof gidan Yaya. Kwanakin farko abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. 'Yan ƙananan ayarin buwa ne ke zuwa leƙe. Da na hango su sun karkata gabas sai in latsa, ƙaho ya yi tsawa, su watse kamar an watsa tsakuwa. Yaya ta zo ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne, ta kalla, da rana kuwa fura ta zo da nono mai kauri.

Duk da haka ban samu natsuwa ba. Kowa na cewa babban ayarin yana can cikin ciyayin bakin gulbi, bai taso ba tukuna. In ganye ya motsa sai na ɗaga kai. Ko salla nake, kunnena na sama.

Maƙwabtan gona kuwa suka fara zuwa kallo. Da mai injin ban ruwa, da masu albasa na tudu, da ƙanen mijin Yaya, dattijo mai carbi. Kowa ya zo sai wayarsa ta nuna masa akwai wai-fai a nan, sai ya matso.

"Malam, ɗan ba mu lambar sirrin."

"Wallahi ba intanet ciki. Rijiya ta ba ruwa."

"Ba mu dai."

To wa zai hana? Mutumin da ya ba ka aron garma, ya zo jana'izar surukinka, ka ce masa lamba ta fi ƙarfinsa? Dattijon nan ko karatun boko bai yi ba, amma ya miƙo waya, in ƙi karɓa? Na ba mutum biyu uku, sauran taubashina ya raba musu kamar goron ɗaurin aure. Suka shiga, suka ga ba komai, suka ce rowa ce na ɓoye datar a wani wuri. Ni dai ban ga abin da ya ragu ba.

Sai ga wata safiya labari ya riga ni isa fadama: babban ayari ya tashi, jiya da yamma ya share wata gona a ƙetaren gulbi. Na iso da laftof a hammata na tarar rumfata cike da mutane, kowa ya zo ya ga yadda inji zai yi da manyan baƙi. Na kunna akwatin wai-fai, na kunna laftof. Ita kuwa tsohuwa ce, tashinta sai ta yi miƙa, ta yi hamma, ta tuna sunanta. Kafin ta gama na shiga gaisawa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya mai jiki. Mutum goma sha, kowa da nasa iyalin. Kullum nakan latsa sau ɗaya in gwada, ran nan gaisuwa ta cinye gwajin. Na leƙa allo na ga akwatuna a jere yadda na bar su, na fita gefen gona ina taku kamar mai duba fareti.

Daga yamma suka ɓullo. Da fari na ɗauka hadari ne, sai hadarin ya lanƙwasa, ya miƙe, ya sake lanƙwasawa. Ƙarar fikafikansu kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Na bari suka matso, don ina so jama'a su gani da kyau. Na ɗaga waya sama, na latsa yamma.

Shiru.

Na sake latsawa. Na latsa gabas. Na latsa duka biyun da yatsa biyu. A waya maɓalli na haske yana nuna saƙo ya tafi, ɗan aiken nan ya jefa ta kan katanga ya ruga abinsa. Ƙahoni na tsaye a kan sandunansu kamar an zo ɗaukar su hoto. Buwa suka sauka a kusurwar yamma, shinkafa ta kwanta saboda nauyinsu.

"Bawana," in ji taubashina daga rumfa, "ko sun kashe wayassu?"

Wasu suka yi dariya. Yaya ba ta yi ba. Na hango ta ta miƙe da kyar, ta ɗauki tsohon gwangwanin madara da ɗan icce, ta nufi yamma tana ɗingishi tana bugawa, ita kaɗai, ƙarar ko kai ba ta kai ba.

Na yanka ta cikin fangali, laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya zauna can. Na isa rumfa na duba akwatin tsegumi: fari tas, ko ɗigo. Ba abin da ya shigo. Na ce bari in ƙera maɓallin hannun nan yanzu-yanzu, amma yatsuna duk laka, laftof ta ƙi sanin hannuna, 'yar kibiyar da ake nuni da ita na ta yawo a allo kamar ita ma tsuntsuwa ce, ga rana ta haske shi ba na ganin zare. Makirufo kuwa na ba da shi haya a Jega. Na kira abokina, sabis ya ce ba ya kusa.

Sai na ajiye komai na cire hula. Ban san da me na fara ba. Na dai san na fita da gudu ina kaɗa babbar riga, na buɗe maƙogwaro na saki wani ihu da ban san ina da shi ba. Wanda ya ji ya ce har Maiyama an tsaya da cin kasuwa. Buwa suka tashi. Suka yi sama, suka juya, suka sake sauka gaba kaɗan. Na bi su. Jama'a suka ga abin ya wuce wasa, suka bazu cikin gona, mai rawani na kaɗa rawani, mai injin ruwa na dukan jarka, dattijo na jifa da laka carbi na lilo a wuyansa, taubashina na wulwula sanda yana kirari da Fulatanci. Mu kora nan su sauka can, mu ruga can su dawo nan. Na faɗi, na tashi, na sake faɗuwa. Sai da rana ta ɗaga sosai suka haƙura suka koma bakin gulbi.

Na hau tudu ina haki, nan na samu sabis. Abokina ya saurara, ya ce in duba lambar gidan laftof in karanta masa. Na karanta. Ba ita ba ce. Ta canza.

"Wa ad da lambar sirrinka?"

"Mutum... kaɗan."

"Kaɗan nawa?"

"Fagada."

Na ji ya ajiye wani ƙarfe a tebur. Ya ce akwatin wai-fai irin nawa bai san babba ba bai san mai gida ba, in aka kashe aka kunna, wanda ya fara sallama shi yake ba lambar farko. Kwanakin baya laftof ce kaɗai a wurin da safe, kullum ita ke samu. Yau kuwa, tana can tana miƙa, wayoyin da ke aljihun mutane suka shige da kansu suka raba lambobin, ita ta samu ta can baya. Wayata kuma tana ta aike tsohon gida.

Muka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya muna dubawa. Lambar tana wayar taubashina, wata mai fasasshen gilashi da aka ɗaure da roba. Duk saƙon da na aika tun safe, gabas da yamma, a aljihunsa suka ƙare, kuma da yake ba kunne a wannan ƙofar, nan suka zube.

"Ashe ni kaka ta aike ma?" ya ce. "To mi ya hana ka hwaɗa man baki da baki, bawana, ga ni kusa da kai?"

Abokina ya bi da ni ta waya muka kafe wa laftof lamba guda wadda ba mai karɓe ta, na ƙera maɓallin hannu har biyu. Na wanke yatsa, na latsa yamma. Ƙaho ya yi tsawar da ta girgiza rumfa, a sararin da ko malam-buɗe-littafi babu. Jama'a suka yi tafi, don mutanen kirki ne.

Yaya tana kusurwar yamma. Na same ta tana bin zangarniya ɗaya-ɗaya, tana murzawa a tsakanin yatsu, tana buɗe hannu iska na ɗauke abin da ke ciki. Wannan kusurwar ta tafi, fari fat. Sauran gonar na nan, kore mai nauyi, amma da sauran lokaci kafin yanka, kuma buwa sun riga sun ɗanɗana, da la'asar za su dawo, gobe ma haka.

Na tsaya gabanta da takalmi ɗaya, laka har gemu, murya ta dishe, na fara bayani. Na ce matsalar lamba ce, an gyara, yanzu ko duk Kebbi ta shigo unguwar ba mai taɓa gidan laftof. Na ce irin wannan injin ko a Turai sai an yi gwaji. Ta bari na gama, ta karkaɗe hannunta a zane.

"Na ga abin da yat tashe su ɗazu, Auta, ba ƙahon ga na ba. Ka bar inji shi huta. Kai dai ka tsaya yamma hal a yanke, tunda Allah ya ba ka baki, ko sau guda shi yi aikin da za a ci tuwo da shi."